Daga Rano Zuwa Kibiya: Lissafin Birki da Wayarka Za Ta Iya Koya Maka

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Ƙarfi ta ratsa Bunkure zuwa Rano, ta zarce Kibiya, ya san yadda take kasancewa ranar kasuwa. Babura ɗauke da buhunan masara da shinkafa, fasinja biyu ko uku a kan mashin guda, akuyoyi na tsallake titi, yara na wasa a gefe. Tun watan Janairun 2013 da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, ƙwaryar Kano ta koma ta Adaidaita Sahu, amma a garuruwa irin su Rano da Kibiya har gobe babur ne motar kowa. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ɗalibi ke zuwa rubuta jarrabawa.

Kusan kowane matashin da ke kan waɗannan babura yana da waya a aljihu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan wayar akwai na'urar da ke auna ainihin abin da ke faruwa a duk lokacin da aka murɗa totur ko aka taka birki. Wannan ilimin shi ne wanda ɗaliban sakandare ke fama da shi a darasin Fiziks, a babin motsi, kuma shi ne ke raba wanda ya tsaya lafiya da wanda ya yi karo.

Ƙaramar na'urar da ke jin motsi

Idan mutum ya kwantar da wayarsa a gicciye sai bidiyo ya juya ya cika fuskar wayar, aikin wata sensa ce da ake kira akselaromita, wato ma'aunin ƙaruwar gudu. Girmanta bai wuce ƙwayar dawa ba. A cikinta akwai ɗan mitsitsin nauyi da aka sassaƙa daga silikon, yana rataye a kan wasu siraran hannaye masu lanƙwasa. Duk sanda wayar ta motsa, nauyin yakan ɗan gota gefe guda, tazarar da ke tsakaninsa da farantan da ke kewaye da shi ta sauya, sai wayar ta karanta wannan sauyi a matsayin lamba. Tana yin haka ta fuskoki uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa.

Tun kafin ta shigo waya, irin wannan sensa ta yi suna ne a motoci, inda a shekarun 1990 aka riƙa amfani da ita wajen gane karo don buɗe balan-balan ɗin da ke kare direba. Wayar iPhone ta farko da ta fito a 2007 ta zo da ita, kuma a yau ko ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da ita. Ita ce ke ƙirga takun mai tafiya. Ita ce Google ke amfani da ita tun 2020 wajen gano girgizar ƙasa ta wayoyin Android. A 2022 kuma Apple ya fito da iPhone 14 mai iya gane mummunan haɗarin mota ta nemi agaji da kanta.

Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, wadda Jami'ar RWTH da ke birnin Aachen na ƙasar Jamus ta fitar a 2016, da ke nuna wa mutum lambobin da wannan sensa ke karantawa kai tsaye. Ba ta da talla, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar data. Idan aka buɗe ta aka ajiye wayar a kan tebur ba motsi, za a ga lamba kusan 9.8 a layi guda. Wannan ita ce lambar ƙarfin jan ƙasa da ke cikin littafin Fiziks: duk abin da aka saki daga sama, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan, a cikin kowane sakan. A yankin Kano, saboda kusanci da layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, ainihin lambar ta ɗan gaza haka, tana wajen 9.78, sai dai sensar waya ba ta cika kama wannan ɗan bambanci ba.

Wanda ke son ganin abin mamaki ya saki wayar daga tsayin gwiwa zuwa kan katifa mai taushi, manhajar na aiki. A ɗan lokacin da wayar ke faɗuwa, lambar za ta sauka kusan sifiri, sannan ta yi tsalle sama a daidai lokacin da ta dira. Wannan sifirin shi ne rashin nauyin da 'yan sama jannati ke ji a tashar sararin samaniya.

Dokoki uku a kan babur

Malaman da suka gabata sun daɗe suna tambayar abin da ke sa dutsen da aka jefa ya ci gaba da tafiya bayan ya bar hannu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin cewa abin da aka jefa yana samun wata karkata ta ci gaba da motsi, wadda ba ta ƙarewa sai wani abu kamar iska ya tare ta. Galileo ya auna yadda abubuwa ke gangarowa ya wallafa sakamakonsa a 1638. Isaac Newton na Ingila ya tattara batun cikin dokoki uku a 1687.

Ta farko: abin da ke tsaye ba ya motsi, abin da ke tafiya kuma ba ya tsayawa ko sauya hanya, sai an sa masa ƙarfi. Shi ya sa idan ɗan acaɓa ya taka birki ba zato, fasinja ke afkawa bayansa. Babur ne ya tsaya, jikin fasinja yana nan a kan gudunsa.

Ta biyu: ƙarfi daidai yake da nauyi sau ƙaruwar gudu. Mashin da ke ɗauke da buhu biyu na masara yana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya tashi, haka nan yana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya tsaya. Birkin ƙaramin babur yana da iyaka, don haka lodin da ya wuce kima yana ƙara tazarar tsayawa.

Ta uku: duk ƙarfin da abu ya yi a kan wani, shi ma ana mayar masa da irinsa. Taya na tura ƙasa baya, ƙasa na tura taya gaba. Idan taya ta hau yashi ko taɓo, babu abin da za ta tura, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Mita nawa babur ke buƙata kafin ya tsaya?

Agogon babur yana nuna gudu da kilomita a awa, amma haɗari a cikin sakan yake faruwa. Don haka matakin farko shi ne a raba lambar agogo da 3.6 don a samu mita a sakan. Gudun 40 ya zama mita 11 a sakan, 60 ya zama kusan mita 17, 80 kuma mita 22.

Tsayawa kashi biyu ce. Akwai tafiyar da babur ke yi daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki. A ɗauka sakan ɗaya ne, wanda shi ne na mutum mai natsuwa da ba ya gyangyaɗi. Sai kuma tafiyar da yake yi bayan birki ya kama. Ita wannan ana samun ta ne idan aka ninka gudu da kansa, aka raba da ninki biyu na ƙarfin rage gudu. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai kyau, a ɗauka gudu na raguwa da mita 7 a sakan cikin kowane sakan, wato za a raba da 14.

A gudun 40: mita 11 kafin birki, mita 9 bayan birki, jimilla mita 20.

A gudun 60: mita 17 kafin birki, mita 20 bayan birki, jimilla mita 37.

A gudun 80: mita 22 kafin birki, mita 35 bayan birki, jimilla mita 57.

Abin lura a nan shi ne, daga 40 zuwa 80 gudu ya ninka sau biyu, amma tazarar birki ta tashi daga mita 9 zuwa 35, kusan ninki huɗu. Dalili kuwa, a lissafin ana ninka gudu ne da kansa.

A ce yaro ya fito da gudu daga lungu, tazarar mita 30 a gaban babur. Mai gudun 40 zai tsaya da saura mita 10. Mai gudun 60 zai ci mita 17 kafin ya taɓa birki, sauran mita 13 ba za su ishe shi ba, zai isa wurin yaron yana kan gudun kusan 35. Mai gudun 80 kuwa mita 8 kacal suka rage masa na birki, zai isa wurin yana gudun kusan 70, kamar bai taka komai ba. Direba ɗaya, babur ɗaya, hanya ɗaya. Bambancin kawai abin da agogo ke nunawa.

Waɗannan lambobi na kwalta mai tsabta ne. A kan burji, ko inda ruwan damina ya kwaso yashi ya zuba a titi, ko inda aka baza hatsi a gefen kwalta lokacin kaka, riƙon taya da ƙasa na iya raguwa da rabi. A nan mai gudun 60 zai buƙaci mita 40 na birki maimakon 20, jimilla mita 57, daidai da mai gudun 80 a kwalta. Haka abin yake a kwana. Kwanar da za a iya shan ta da gudun 50 idan ƙasa a bushe take kuma ba yashi, da zarar riƙon ya ragu da rabi iyakarta ta dawo wajen 35, wanda ya haura haka taya za ta zame.

Sai batun wayar kanta. Wanda ya sunkuya ya duba saƙon WhatsApp na sakan uku yana gudun 60, ya yi tafiyar mita 50 ba tare da ya ga hanya ba, kusan rabin filin ƙwallo ke nan. Dokar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta haramta amfani da waya yayin tuƙi, kuma ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗuran hanya, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Rigar waya da hular kwano aikinsu ɗaya

Kowa ya taɓa ganin waya ta faɗi a yashi ba abin da ya same ta, wata kuma ta faɗi a siminti gilashinta ya tarwatse, alhali daga tsayi ɗaya suka faɗo. Wayar da ta suɓuce daga kunne, tsayin mita ɗaya da rabi, tana isa ƙasa cikin ɗan fiye da rabin sakan, da gudun kusan kilomita 20 a awa. Abin da ke fasa ta shi ne gajartar tazarar da ta tsaya a cikinta.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba tsayin faɗuwa da tazarar tsayawa, abin da aka samu shi ne sau nawa nauyin wayar ya ninka a lokacin dira. A siminti, idan ta tsaya cikin milimita ɗaya, ninki 1,500 ke nan. Waya mai giram 200 ta ji kamar an ɗora mata kilo 300, nauyin manyan buhunan masara uku, a kan kusurwa guda. A yashi, idan ta nutse santimita uku, ninki 50 ne kawai, wato kilo 10. Rigar roba da ake sa wa waya tana ƙara wannan tazara ce da 'yan milimitoci, kuma 'yan milimitocin nan ke rage ƙarfin bugun ninkin-ba-ninkin.

Farar kumfar da ke cikin hular kwano wannan aikin take yi wa kai. Tana matsewa a hankali, ta tsawaita lokacin da ƙoƙon kai ke tsayawa. Karo da bango a gudun 40 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 6, a gudun 60 kuma mita 14, kamar faɗowa daga bene mai hawa huɗu. Matashin da ya sayi riga da gilashin kariya don wayarsa ya riga ya yarda da wannan lissafi, saura ya yi wa kansa.

Ga wani kwatance. Batirin waya mai lamba 5,000 yana riƙe da makamashi kusan jul 69,000. Babur da mutum biyu a kai, nauyinsu duka kilo 250, idan suna gudun 60 suna ɗauke da makamashin motsi kusan jul 35,000, wato rabin cajin wayar. Waya tana cinye wannan rabin caji ne cikin sa'o'i. A karo kuwa, duka yake fita cikin ƙasa da sakan guda, ta ƙarfe da ƙashi.

Dam ɗin Tiga da cajin waya

Makamashin da tsayi ke bayarwa ma yana kusa da gida. Dam ɗin Tiga da ke maƙwabtaka da Rano, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana tare ruwan Kogin Kano a wuri mai tudu. Daga nan ruwan ke gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarfin jan ƙasa ne ke kai shi ba injin ba. Lissafinsa shi ne nauyi sau 9.8 sau tsayi. Lita 1,000 na ruwa, wato cikin tankin roba matsakaici, nauyinsa kilo 1,000 ne. Idan ya faɗo daga tsayin mita 20 zai ba da jul 196,000, wanda in da ba asara zai caja waccan wayar kusan sau uku. A kan wannan ƙa'ida kowace tashar lantarki ta ruwa ke aiki, daga Kainji har Shiroro.

Gwaje-gwaje uku da ba sa cin kuɗi

Makarantu da dama a karkara ba su da wadatattun kayan ɗakin gwaji, ɗalibi kan haddace lissafi bai taɓa ganin sa da ido ba. Gani ya kori ji, kuma waya guda ta ishi aji.

Na farko, lilo. A ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita ɗaya, a rataye a reshe ko ƙusa, a ɗan ja shi gefe a saki. A ƙirga zuwa da dawowa 20 da agogon waya, a raba lokacin da 20. Amsar za ta zo kusan sakan 2. A sauya dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai sauya ba. A rage zaren zuwa santimita 25, lokacin zai dawo sakan ɗaya. Irin wannan gwajin lilo na cikin waɗanda aka saba gani a jarrabawar aiki ta WAEC da NECO.

Na biyu, faɗuwa. A saki ƙaramin dutse da babba tare daga tsayi ɗaya, a ɗauka da bidiyo mai rage gudu idan wayar na da shi. Za a ga sun dira tare. Tazarar da abu ke faɗowa ita ce 4.9 sau lokaci sau lokaci: mita 4.9 a sakan ɗaya, mita 19.6 a sakan biyu. Da wannan lissafi ake kintata zurfin busasshiyar rijiya ko tsayin dutse.

Na uku, gudun babur. Wannan aikin fasinja ne, ba na mai tuƙi ba. Manhajar Google Maps da wasu irinta suna nuna gudu ta hanyar GPS, abin da ke da amfani ganin yawancin baburan haya agogonsu ya daɗe da mutuwa. Fasinja ya duba lambar, ya raba da 3.6, ya ga mita nawa suke ci a kowane sakan. Sau da yawa lambar kan fi abin da mutum yake zato.

Yadda ake warware tambayar motsi a jarrabawa

Ɗalibin da ke shirin JAMB ko WAEC, mai burin shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ko Jami'ar Bayero, zai haɗu da irin waɗannan tambayoyi, kuma hanyar warware su ba ta sauyawa. Da farko a zana abin: babur, hanya, kibiyar da ke nuna inda ya dosa. Sai a rubuta abin da aka bayar da abin da ake nema cikin abubuwa biyar, wato gudun farko, gudun ƙarshe, ƙaruwar gudu, lokaci da tazara. Idan an san uku, sauran biyun za su fito. Sannan a mayar da komai zuwa mita da sakan da kilo kafin a taɓa kalkuleta, domin a nan ne aka fi faɗuwa. A tuna cewa birki ƙaruwar gudu ce mai alamar ɗebewa. A ƙarshe a dubi amsar a tambayi kai ko ta yi kama da gaskiya. Idan lissafi ya ce babur mai gudun 60 ya tsaya cikin mita 250, an manta raba gudun da 3.6 ne. Wanda ya taso a kan mashin ya san hakan ba ta yiwuwa, kuma wannan sanin jari ne da ɗan ƙauye ya fi mai haddar littafi.

Manhajojin da ke warware lissafi daga hoto, irin su Photomath da Google Lens, da masu amsa tambaya irin su ChatGPT, suna taimakawa wajen duba aiki da neman ƙarin bayani. Sai dai sukan yi kuskure, musamman idan hoton bai fito sosai ba ko tambayar na da zane, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Mafi amfani shi ne ɗalibi ya fara warwarewa da hannunsa, sannan ya kwatanta, inda suka saɓa ya bi layi-layi har ya gano wanda ya kauce.

Tafiyar kilomita 10 da gudun 80 tana cin minti bakwai da rabi, da gudun 50 kuma minti 12. Ribar mai sauri minti huɗu da rabi ce, abin da bai kai a sha shayi ba, kuma a madadinta tazarar tsayawarsa ta tashi daga mita 28 zuwa 57. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke shakka yana da kalkuleta a wayarsa, sai ya buga lambobin da kansa kafin ya tayar da mashin.